Daga Jibiya zuwa Kano a gefen layin dogon Maraɗi

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mutumin Maraɗi ne. Tun ina yaro sana'a guda na san shi da ita: idan kaka ta yi ya bi kasuwannin ƙauye ya tara aya da wake, ya yi lodi zuwa Dawanau, ya juyo da atamfa da shadda da kayan roba. Ni a Katsina na tashi, nan nake aiki. Bana da ya kira ni ya ce idonsa ya fara ba shi matsala, yana son wanda zai riƙe masa lissafi da waya idan ya shiga Kano, ban yi gardama ba. Abu ɗaya na roƙa, mu bar hanyar Kankiya da Bichi da kowa ke bi, mu zaga ta Daura, don ina son ganin aikin layin dogon da aka ce zai haɗa Kano da Maraɗi. Ya ce, "To ɗana, ai duk hanya ce. Allah Ya kai mu lafiya."

A Magama ta Jibiya na tare shi. Tirelar kayan ta riga ta wuce tun dare, shi kuma ya biyo ƙaramar mota ta Ɗan Isa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya san ba ka bambance ɗan can da ɗan nan sai an zo biyan kuɗi, wannan ya zaro naira wancan ya zaro sefa. Ba abin mamaki ba ne. Bayan jihadi ya ci Katsina a farkon ƙarni na 19, tsohuwar sarautar ta yi arewa ta kafa Maraɗi, har yau kuma Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce wa sarkin can. Iyakar da ta raba mu Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, aka kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908.

Layin da ake ginawa tsawonsa kilomita 284 ne, daga Kano ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya har Maraɗi, da reshe mai kilomita 93 daga Kano zuwa Dutse. Majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da kwangilar a watan Satumba na 2020 a kan dala biliyan 1.96, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ranar 9 ga Fabrairu 2021. Daga cikin mota abin da muka riƙa gani shi ne cikon jar ƙasa mai tsayi ya ratsa gonaki ya miƙe, da kwalbatoci, da tifa-tifai suna tayar da ƙura. A wasu wuraren har an jera gungumen siminti an ɗora ƙarfe. Jirgi dai bai fara tafiya ba. Mun tsaya shan shayi bayan Kazaure, wani dattijo manomi da layin ya yanki gonarsa biyu ya ce shi damuwarsa ta ina shanunsa za su riƙa tsallakawa zuwa mashaya idan an gama. Daga nan ba mu sake tsayawa ba sai Dawanau.

Mun sami tirelar ta iso, 'yan dako sun fara sauke kaya cikin siton Alhajin da Kawu ke sauka a wurinsa shekara da shekaru. Dawanau ba ta bukatar gabatarwa, ita ake kira babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma, kuma idan ka tsaya a layin 'yan wake na rabin awa za ka ji Hausar Maraɗi da ta Damagaram da ta Kano duk a ciniki ɗaya. Dillali ya zo da ɗan ƙarfensa mai rami, ya soka a cikin buhun aya, ya tara hannu, ya watsa biyu a baki ya tauna yana kallon sama, sannan ya yi tayi. Kawu ya ce albarka. Aka ja, aka ja, Alhaji ya shiga tsakani, aka sallama. Ni kuma na buɗe littafi, direban tirela ya fara karanto mini abin da aka kashe a hanya. Kuɗin mota daban, kuɗin lodi daban, sai kuma abin da aka bari a shingaye hannun masu kaki iri-iri, wanda ba rasit ba komai. Da na haɗa na nuna wa Kawu, ya kalli lambar kusa da idonsa ya ce, "Ka ga inda ribar take tafiya ke nan." Buhu uku kuma sun yage saboda an sauke su an sake lodawa a hanya wurin bincike.

Tun daga wannan lokacin na daina kallon maganar jirgin a matsayin labarin gwamnati. Maganar buhun Kawu ce.

Washegari bayan mun je Wapa ya canji kuɗinsa, na ja shi zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa, tunda daga Fagge ba nisa. Ya sha wucewa ta bakinta, ya ce, amma bai taɓa shiga ba. Wurin yana da faɗin da ba ka zata daga waje. Layuka birjik, wasu ciyawa ta rufe su, tsofaffin taragai sun yi tsatsa a gefe, awaki na kiwo a tsakani. A inuwar wani sito muka sami wani tsoho a kan tabarma da carbi, wanda ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, amma ƙafarsa ta saba, kullum sai ya zo. Muka yi sallama, na ce, "Baba, sannu da hutawa." Da ya ji Kawu daga Maraɗi yake sai ya gyara zama ya matsa mana wuri.

Tarihin wannan tasha ya kamata kowane ɗan arewa ya san shi, domin ita ta juya fuskar Kano. Kafin zuwanta Kano arewa take kallo. Ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da Bilma da gishiri da kanwa da dabino, Buzaye su yi zango a Fagge, kayan Kurmi su tafi har Tarabulus. Turawa suka ci Kano a 1903. A 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne, aka fara shimfiɗa ƙarfe daga Baro a bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911, aka haɗa shi da layin da ya taso daga Legas. Abin da Turawa suka sa a gaba shi ne auduga, don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka auna suka ga gyaɗa ta fi musu, tana gyara ƙasa, ba ta hana su noman gero da dawa, in fari ya zo kuma ana iya cin ta. Tsofaffin fataken goro da suka san kan ciniki, irin su Alhassan Ɗantata, suka baza yaransu ƙauyuka suna saye. A 1912 gyaɗar da Najeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita a hotuna, wani ɓangare na dalilinta shi ne jirgin ya kasa kwashe abin da manoma suka kawo a kan lokaci, sai aka riƙa tara buhuna ana jiran tarago. Sabon Gari ma da jirgin ta zo, a nan ma'aikata da 'yan kasuwar da suka biyo shi daga kudu suka zauna.

Baba bai yi zamanin farko ba, amma ya ga ƙarshen albarkar. Ya ce ranar da jirgin Legas zai tashi, tun safe tashar ke cika. Masu hali su shiga taragon kwana mai gado, talakawa su cika na bencin katako da ƙunshin kayansu, a bi Zariya, Kaduna, Minna, a haye gadar Jebba, Ilori, Ibadan, har Iddo, tafiyar sama da kilomita 1,100. Kowace tasha mata na bin taga da abinci, kowane gari da abin da aka san shi da shi. Taragon shanu daban, da makiyayin da ke kwana da su a hanya yana ba su ruwa. Goro kuma ya hauro cikin huhu daga kudu. Amma shi jirgin da ya fi so, in ji shi, na Nguru ne, don shi ne na talaka. Yana tsayawa a ƙananan tashoshi, mace ta shiga da kwandon kaji, a loda banda da kanwa da gero, mutum ya biya kuɗin buhu ɗaya a ba shi takarda, ya je ya karɓi kayansa a Kano ba wanda ya taɓa. "Malam," ya ce da Kawu, "buhu ɗaya ma muna karɓa. Mu auna, mu rubuta, mu ba ka rasit."

Kawu ya sa ya maimaita wannan maganar.

Sai shi ma ya kawo nasa. Ya ce mahaifinsa, kakana, yana ba su labarin yadda gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ke zuwa wannan tasha, da farko a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci. Gaskiya ne kuwa. Nijar ba ta da teku, kuma layin dogo mafi kusa da manomin Maraɗi na Najeriya ne. Faransawa ba su so hakan ba, shi ya sa a farkon shekarun 1950 suka tsara yadda za a riƙa karkata gyaɗar ta Parakou, inda layin dogon Kwatano mai kilomita 438 ya tsaya, su ɗauki nauyin rarar kuɗin mota. Ke nan ƙarfen Kano bai taɓa tsallaka iyaka ba, amma kayan da yake ɗauka sun daɗe suna tsallakowa. Turawan Ingila sun miƙa rassa biyu zuwa arewa, na Kauran Namoda a 1929 da na Nguru a 1930, duka biyun kuma suka tsaya kafin iyaka. Ba su da dalilin wucewa. Layinsu na kai kaya bakin teku ne, ba a gina shi don Bakatsine ya ziyarci ɗan'uwansa a Maraɗi ba.

Faɗuwar Baba ya ba da ita a taƙaice, kamar ba ya son daɗewa a kanta. Farin 1973 da 1974, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, kuɗin mai da ya ɗauke hankalin gwamnati, tituna da tireloli, kan jirgi ya lalace ba kayan gyara. Hukumar jiragen ƙasa da aka kafa a 1955 ta kai inda albashi ke gagara. An gyara layin an dawo da jirgin Legas zuwa Kano a watan Disamba na 2012, sau ɗaya a mako, tafiyar fiye da awa 30, mutane kuma sun yi murna sun shiga. Ranar da muka je dai ba mu ga fasinja ko ɗaya ba.

Da yamma Alhaji ya ɗauke mu a motarsa zuwa Zawaciki, wajen Kumbotso, inda tashar tsandauri ta Dala take, wadda aka buɗe a watan Janairu na 2023. Manufarta ita ce kwantenar ɗan kasuwar Kano ko na Maraɗi ta zo nan kai tsaye a yi mata takardu, maimakon ya tafi Legas ya yi makonni. A wannan yanki ne aka ƙaddamar da sabon layin Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203 a watan Yuli na 2021. A nan Alhaji ya yi wani bayani da mutane da yawa ba sa lura da shi. Tsohon layi siriri ne, tsakanin ƙarafansa milimita 1,067, sabon kuma mai faɗi ne, milimita 1,435. Jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. Mai faɗin akwai shi daga Legas zuwa Ibadan tun 2021, akwai shi daga Abuja zuwa Kaduna tun 2016, amma tsakanin Ibadan da Abuja babu. Saboda haka ko gobe aka gama na Maraɗi, kwantena ba za ta taso daga Apapa ta sauka a Maraɗi a kan tarago ɗaya ba, sai an cike wannan giɓi, ko kuma a riƙa sauke kaya ana sake lodawa.

Wannan ita ce hujjar da masu sukar aikin ke riƙewa, kuma ba hujjar banza ba ce. Lokacin da aka ba da kwangilar an yi ta cewa don me za a ci bashi a kai jirgi wata ƙasa alhali manyan garuruwan Najeriya ba su samu ba. Gwamnati ta amsa da cewa ana son jawo kayan Nijar da ke bi ta Kwatano da Lome su dawo tashoshin Legas. Ni amsar da na fi gamsuwa da ita ba ta kai Legas ba. Mafi yawan layin a cikin Kano da Jigawa da Katsina yake, ɗan guntu ne ya shiga Nijar, kuma waɗannan na cikin jihohin da suka fi cikar jama'a a ƙasar nan. Sannan wanda ya wuni a Dawanau, ya leƙa Kantin Kwari da Singa ya ga motocin da ke lodi zuwa arewa, ya ga shanu da raguna da jajayen awakin Maraɗi da fatunsu ke ciyar da majemun Kano, ba ya bukatar a gaya masa akwai kayan da za su cika tarago tsakanin garuruwan nan biyu. Kayan suna nan, sun riga jirgin zuwa da shekaru ɗaruruwa.

Abin da ke damuna shi ne wa za a yi wa jirgin. Kayan nan ba na mutum ɗaya mai kwantena ɗari ba ne, na dubban mutane ne irin Kawu, mai buhu ɗari biyu, mai dila goma, mai tumaki talatin. Tun da muka baro wurin Baba tambayoyinsa ba su ƙare ba. Za su karɓi kayan haɗaka, ko sai wanda ya iya ɗaukar tarago sukutum? In an duba kaya an rufe a Maraɗi, za a bar su har Kano, ko a Jibiya ma sai an sauke? Daga tasha zuwa Dawanau wa zai kai, nawa ne? Mutumin da ba ya karatun boko, ba shi da babbar waya, zai iya zuwa taga ya miƙa sefarsa a yanka masa tikiti? Ba ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar dala biliyan, shawara ce kawai ta mutanen ofis, amma a kansu ne ɗan kasuwa zai yanke ko ya bar tirela ko ya ci gaba da ita. Tirela tana da wahala da tsada, amma tana zuwa har ƙofar sito, direban kuma ya san ka ya san mahaifinka, yana iya ɗaga maka ƙafa sai ka sayar.

Akwai darasi a Nijar ɗin kanta. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, aka yi bikin buɗewa a 2016, amma bai haɗu da na Parakou ba, kuma bai zama jirgin da jama'a ke shiga kullum ba. Kawu ya gan shi da idonsa a hanyar Yamai, ƙarfe kwance a rana. Ba na fatan haka ga namu.

Sai kuma maganar iyaka, wadda ita ce ta fi tsaya wa Alhaji a rai. An rufe ta a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ya ce a rufewar biyun ya ga mutanen da jarinsu ya karye ba su sake tashi ba, ya ga kaya sun ruɓe a kan mota. Mai babur yana iya bin daji, mai jaki ma haka, amma jirgi hanyarsa ɗaya ce, ranar da aka sa kwaɗo a ƙofa ya tsaya cak. Ina ganin kafin a gama ɗaure ƙarfe na ƙarshe ya kamata Abuja da Yamai su zauna su rubuta cewa duk saɓanin da zai shiga tsakanin masu mulki, abinci da magani da fasinja ba za a tare su ba. Ban ga amfanin kashe wannan dukiya ba idan wasiƙa ɗaya za ta iya kwantar da ita shekara guda.

Ranar komawa na raka Kawu tashar Ƙofar Ruwa, inda motocin Maraɗi ke lodi. A motar da ya samu akwai wata tsohuwa 'yar cikin birni, za ta je wankan jegon 'yarta da ke aure a can. An ɗaure mata garwa da buhun shinkafa da ƙunshin kayan jariri a saman mota, ita kuma an matse ta a baya su huɗu, ƙafarta a kan jarka. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafar wannan baiwar Allah ta riga ta kumbura tun ba a tashi ba. Ta ji muna maganar jirgi da kamasho sai ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, shi jirgin naku zai ɗauki garwata?" Kawu ya ce, "Hajiya, na da dai yana ɗauka, wani tsohon ma'aikaci ya shaida mana jiya." Ta ce to a gaya musu su yi wurin alwala a ciki, kuma a ware wa mata gefensu. Direba ya karɓi cikon kuɗinsa, yaran tasha suka tura motar ta tashi, suka fita ta hanyar Katsina.